Ka tsinci kunkuru a gona ko a hanya? Ga abin da za ka yi, mataki-mataki

Tun da ruwan bana ya sauka nake samun tambaya iri ɗaya daga mutane daban-daban. Wani manomi ya ce yaransa sun tsinto kunkuru wajen noman farko, me zai ba shi ya ci. Wani direba ya taka ɗaya a hanya, ƙoƙon baya ya tsage, ya jefa shi a but ya kawo gida, yanzu ya rasa yadda zai yi da shi. Wata baiwar Allah kuma gado suka ci: tsohon kunkuru ne a gidan kakanta, ya girmi mahaifinta, ga shi za a raba gida. Dukkansu da maganar abinci suke farawa, alhali ita ce ta ƙarshe a layi. Tambayar farko ita ce: a ina aka ɗauko shi, kuma za a iya mayar da shi can yau-yau? Kunkurun daji ba maraya ba ne da ke jiran mai riƙo, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa a gidaje, a hannun masu tausayinsu suke mutuwa.

Kayan aikin ba su da yawa: kwali mai ƙwari ko baho, tsohon zani mai tsabta, ruwan sha, gishiri, aidin na kemis, hantsaki, yankin tsohon gidan sauro, sabulu, da wayarka don ɗaukar hoto. Ban da aidin, duk akwai su a gida. Inda kuɗi ke shiga sosai shi ne mataki na 8, za mu je can.

1. Gane wanda ke gabanka

Kafin ka taɓa shi, dubi ƙafafunsa. Iri uku ne aka fi cin karo da su a ƙasashenmu.

Na farko shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin rairayi, wanda Turawa ke kira sulkata. Ƙafafunsa na baya kamar na giwa, na gaba cike da ɓawo mai kauri, ga wasu ƙayoyi a cinyoyinsa. Mazauninsa ya faro daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi da Sudan, har Habasha da Eritiriya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma babban namiji kan haura kilo 50, an ma samu waɗanda suka kai kilo 100. Ciyawa ce abincinsa, rami ne gidansa.

Na biyu ƙarami ne, bai fi ka ɗauke shi da hannu ɗaya ba. Ƙoƙon bayansa yana da gaɓa wajen ƙugu, idan ya tsorata sai ya saukar da ɓangaren baya kamar ƙyauren ƙofa ya rufe ƙafafu da wutsiya. Ya fi son daji mai duhuwa da ganyaye a ƙasa, kuma shi ba ciyawa kaɗai yake ci ba, har da katantanwa, ƙadandoniya da naman kaza.

Na uku kififiya ce, ta ruwa. Jikinta a baje yake, tafin ƙafarta mai faɗi, kuma irin da aka fi gani a kududdufai ba ta jan wuya ciki kai tsaye, lanƙwasa shi take yi gefe guda. Da rani takan binne kanta a taɓo ta jira ruwa.

Hattara: kada ka jefa kunkurun tudu a rafi ko tafki da sunan ka mayar da shi gida. Ba ya iyo, nutsewa zai yi. Idan ka kasa tantance na ruwa ne ko na tudu, ajiye shi a inuwa a bakin ruwan, shi ya san inda zai nufa.

2. Idan lafiyarsa lau, bar shi inda yake

Wannan matakin ya fi kowanne wuyar bi, domin hannu ƙaiƙayi yake yi. Amma akwai dalilai biyu masu ƙarfi.

Na farko, ruwa. Kunkurun Sahel yana ajiye ruwa a mafitsararsa kamar yadda matafiyi ke ajiye shi a salka, da shi yake ratsa watannin rani. Da ka ɗaga shi sama ya firgita, sai ya tsiyayar da shi duka a kan rigarka. Yara kan yi dariya su ce ya yi fitsari don tsoro. A watan Agusta zai sake sha, ba komai. A watan Maris kuwa, ka zubar masa da guzurin da zai kai shi damina.

Na biyu, wuri. Kunkuru ya san dajinsa: ga ramin da yake kwana, ga inda ruwa ke taruwa, ga inda sabuwar ciyawa ke fara tsirowa. A Amurka akwai wani ƙaramin kunkurun daji da ake kira kunkurun akwati saboda yana rufe kansa ruf, kuma masu bincike sun daɗe suna bin sawunsa. Abin da suka gani shi ne, wanda aka ɗauke aka kai wani daji, ko da dajin ya fi nasa ni'ima, yakan yi ta gararamba yana neman hanyar gida, ya ƙetare tituna, ya rame, wani ya mutu a kan hanya. Don haka batun "bari in kai shi inda ya fi ciyawa" garin neman gira ne a rasa ido.

Abin da za ka yi kawai: ja da baya, kore karnuka, ɗauki hoto idan kana so, ka wuce. Idan ka tarar da shi a kife, ƙafafu sama, to nan dole ka sa hannu, domin rana za ta kashe shi a haka. Juya shi a hankali ta gefe, ka tura shi inuwa.

3. Tsallakar da shi titi

Da farkon damina suke yawan fitowa, musamman da sassafe da bayan la'asar. Faka motarka ko babur ɗinka nesa da kwalta, ka duba gabas da yamma tukuna. Ranka ya fi nasa tsada. Kama shi da hannu biyu a tsakiyar ƙoƙo, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ka riƙe shi kusa da ƙasa a kwance yadda yake tafiya. Idan babba ne da ba ka iya ɗagawa, tura shi kan tabarma ko buhu ka ja.

Ka kai shi ɓangaren da ya dosa, ba inda ya fito ba. In ka mayar da shi baya, kana barin wurin zai sake hawowa kwalta. Taku ashirin ko talatin daga bakin titi ya isa.

Hattara: ba a ɗaga kunkuru da wutsiya ko da ƙafa, wutsiyar haɗe take da ƙashin bayansa. Kififiya kuma tana cizo, riƙe ta ta baya. Bayan ka gama, wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu, domin dabbobi masu jan ciki na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa.

4. Wanda aka riga aka kawo gida

Idan kwana ɗaya ne zuwa 'yan kwanaki, kuma bai cuɗanya da wani kunkurun gida ba, mayar da shi. Ka sa yaron da ya ɗauko shi a gaba ya nuna maka daidai wurin, ba "can wajen gonar su wane" ba, a'a, gindin wace bishiya, kusa da wane rami. Kafin ku tafi, zuba ruwa a baho daidai haɓarsa, kada ya kai hancinsa, ka bar shi ciki kamar minti ashirin ya sha ya mayar da abin da ya zubar. Ku tafi da sanyin safiya, a kwali, ba a leda ko buhun da aka ɗaure baki ba. Ku ajiye shi a ƙarƙashin sabara ko kalgo, ku juya.

Kada ka yi wa yaron faɗa a bainar jama'a. In ka yi, gobe zai tsinci wani ya ɓoye shi a bayan rumbu. Gara ka ba shi muƙami: shi ne mai gadin kunkurun gonarku, duk wanda ya taɓa shi a kawo maka ƙara. Na ga wannan dabarar ta yi aiki fiye da bulala.

5. Mai rauni

Nan ne aka fi tafka kuskure, don haka zan daɗe a kai. Abu na farko da ya kamata kowa ya sani: ƙoƙon kunkuru ba riga ba ce da ya saka. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, akwai jini da jijiyoyi a ciki. Tsagewar ƙoƙo karaya ce, kuma yana jin zafinta, illa dai ba shi da bakin kuka.

Ka fara da rubuta inda ka same shi, domin in ya warke can zai koma. Shimfiɗa zani a kwali, ka ɗora shi a kai, ka tattara duk ɓallin ƙoƙon da ya faɗi ka haɗa da shi. Idan jini na zuba, danna wurin da tsumma mai tsabta a hankali har ya tsaya.

Sai wanki. Tafasa ruwa lita ɗaya, ka zuba gishiri ƙaramin cokali biyu, ka bari ya huce. Da shi za ka wanke ƙasa da tsakuwa daga raunin. Bayan nan ka tsarma aidin da ruwa har ya koma kalar shayi marar madara, ka shafa a bakin raunin. Amma duba da kyau tukuna: idan tsagewar ta yi zurfi har kana hango wani abu yana motsi a ciki lokacin da yake numfashi, huhunsa ne, domin huhun kunkuru a sama yake, dab da ƙoƙon baya. Irin wannan ba a kwarara masa ruwa. Rufe shi da tsumma mai ɗan danshi ka nufi likita.

Babban abokin gaba a ƙasarmu mai zafi shi ne ƙuda. Na taɓa karɓar wani ƙaramin kunkuru da fartanya ta sara a kafaɗa. Raunin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai gonar ya ajiye shi a zaure kwana uku yana yayyafa masa ruwa. Da na ɗaga ƙafar gaban, sai wari ya buge ni, ga tsutsotsi farare cunkus a cikin lungun, har sun yi hanya zuwa ciki. Ɗaya bayan ɗaya muka tsince su da hantsaki, mun fi awa guda muna yi, amma bai kwana biyu ba ya mutu. Da a ranar farko an rufe kwalin da yankin gidan sauro an ɗaure, da wataƙila yana nan yana kiwo. Saboda haka rufe kwalin da raga, ka ajiye shi a ɗaki mai iska, nesa da rana, kaji, ɓeraye da tururuwa.

Hattara: kada ka zuba baƙin mai, kananzir, toka, kashin shanu ko garin batir a raunin. Kada ka liƙe tsagewar da gam ko siminti, za ka kulle ƙwayoyin cuta a ciki ne. Likita shi ya san yadda ake jan ɓangarorin ƙoƙo a haɗe su bayan rauni ya tsabtata.

Hattara ta musamman ga makiyaya da masu sayar da maganin dabbobi: allurar ibamektin, wadda ake yi wa shanu, tumaki da awaki don tsutsar ciki da kaska, guba ce ga kunkuru. Tana shanye masa jiki ta kashe shi, ko da kaɗan aka yi masa. Idan ka kai shi wurin wanda bai saba duba irinsa ba, buɗe baki ka faɗi wannan kafin ya zuƙi allura. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri su ne wuraren da ya fi dacewa a nufa ga wanda ke kusa. Wanda ke nesa ya fara da asibitin dabbobi na gwamnati a garinsu.

Kaska kuwa, da hantsaki ake cire ta, a kama dab da fata a ja a hankali, sannan a jefa ta wuta. Kada a yar da ita kusa da garke. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigar da babban kunkurun Sahel ƙasarta saboda kaskar da ke jikinsa na iya ɗaukar cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar shanu da tumaki.

Ƙoƙo yana warkewa, amma a hankali, watanni yake ɗauka, wani lokaci ya haura shekara. Kuma kada ka yi saurin haƙa masa rami don ya daina motsi. Kunkuru kan yi lamo na tsawon lokaci alhali da ransa.

6. Ramin da ke gonarka

Kula da kunkuru na gaskiya a nan yake, ba a tsakar gida ba. Babban kunkurun Sahel ba zai rayu babu rami ba. Yana haƙa shi mita da yawa cikin ƙasa, a can yake samun sanyi da ɗan danshi lokacin da rairayin sama ke ƙona tafin ƙafa, a can kuma yake kwashe tsananin rani. Gane ramin ba wuya: ƙasan bakinsa a shimfiɗe, samansa a gantsare kamar rabin ƙwarya, daidai siffar mai shi, ga tulin ƙasa a gaba, ga kashi mai cike da zaren ciyawa kamar na jaki. Sau da yawa a gindin anza, aduwa ko magarya yake, inda saiwa ke riƙe rufin.

Wani dattijo da na tarar yana kewaye irin wannan ramin da garmar shanu, na ce masa, "Baba, ai ka bar kunya biyar babu shuka." Ya ce, "Ɗana, mai gidan nan ya riga ni zuwa gonar. Ni na same shi, ba shi ya same ni ba." Abin da Baba ya yi shi ne daidai, ga yadda za ka tsara shi:

Kafin sharar gona, zaga ka nemo ramukan, ka kafa sanda mai tsumma a kusa da kowanne don mai garma ko direban tarakta ya gani. Bar taku goma ko fiye ta kowace kusurwa ba huɗa, musamman ta bayan bakin ramin, domin ta can ya miƙa ƙarƙashin ƙasa, kuma nauyin tarakta na iya rufta shi da mai gidan a ciki. Kada ka sare bishiyar da ke kansa. Ka bar ciyawar gefen gona da ta kan iyaka, irin su harkiya, guɗe-guɗe, burburwa da kyasuwa, kada feshin maganin ciyawa ya kai gare su. Wannan ɗan zirin shi ne kiwonsa, kuma idan ya same shi ba zai dami wakenka ba sosai. In ya matsa wa fadamar kayan lambu, kewaye lambun da danga mai ƙarfi, kada ka kewaye kunkurun.

Duba kuma tarkunan da muke kafawa ba da niyya ba: ramin da aka ɗebi ƙasar gini, tsohuwar rijiya, shadda da ba a gama ba. Rufe su, ko ka sassabe gefe ɗaya ya zama gangare yadda abin da ya faɗa zai iya fitowa. Tsince ledoji da igiyoyin buhu, yana haɗiye su tare da ciyawa su toshe masa hanji.

Hattara: kada ka zura hannu ko ka tura yaro cikin ramin. Ba kunkuru kaɗai ke kwana a ciki ba, macizai da kunamu ma 'yan haya ne.

Sai wuta. Barewa na gudu, tsuntsu na tashi, shi kuwa sai dai ya ja kai ciki ya jira. Ƙaramin mai ƙyauren baya ya fi shiga uku, domin cikin tarin ganye da karan da aka tara don ƙonawa yake ɓuya. Kafin ka cinna wa tarin sassabe wuta, birkita shi da sanda, ko ma ka matsar da shi gefe. Ka share ciyawa kewaye da ramuka. Ka kunna ta gefe ɗaya don abin da ke ciki ya sami mafita, kada ka yi mata zobe. Masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya kuwa, wannan magana ce ta mai unguwa da dagaci da sarkin noma, mutum ɗaya ba ya hana ta.

7. Ƙwai da 'ya'ya

Bayan damina ake barbara, daga nan macen ta haƙa rami da ƙafafun baya ta zuba ƙwai farare masu kama da ƙwallo, daga 15 zuwa 30, ta rufe ta yi tafiyarta. Ba ta kwanci, zafin ƙasa ne ke ƙyanƙyashe su bayan watanni. Idan ka gan ta tana haƙa, kada ka matsa kusa, tana iya fasawa.

Idan fartanya ta tono ƙwan, mayar da ƙasar yadda take. Kada ka juya su, kada ka girgiza, kada ka wanke. Ƙwan kaza ana juya shi, na kunkuru kuwa ɗan da ke ciki manne yake a sama, in ka kifa shi ka kashe shi. Kada kuma ka yi wa wurin rumfa ko ban-ruwa, domin zafin ƙasar ne ke raba maza da mata: in ya yi yawa mata su fi yawa, in ya ragu maza.

Inda karnuka, dila, damo ko tunku ke tono, kifa ragar waya mai faɗin mita ɗaya a kan wurin, ka danne gefunan da turaku ko duwatsu. Amma ka sa a ranka cewa ka ɗauki alkawari: da damina ta matso, ko dai ka cire ragar ko ka riƙa leƙawa kullum, in ba haka ba 'ya'yan za su fito su gasu a ƙarƙashinta. Ɗan kunkuru ba ya buƙatar uwa, yana fitowa ya san abin da zai ci. Hankaki da shaho za su ɗauki rabonsu, haka Allah ya tsara; abin da za ka iya shi ne barin ciyawa da sabara a kusa don su sami maɓoya.

8. Tsohon kunkurun gida

Yanzu ga amsar baiwar Allah mai gado. Wanda ya shekara da shekaru a gida ba a kai shi daji a yar. Ba a san asalin inda aka kamo shi ba, bai san ramuka da mashayar sabon wurin ba, kuma yana iya kai wa na daji ciwon hanci da huhu da ya ɗauka a gida. Ko dai a miƙa shi ga hukuma, ko a riƙe shi riƙon kirki. Kuma riƙon ba na shekara biyu ba ne, yana haura shekara 70. Alagba, kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomosho, da ya mutu a 2019, cewa aka yi ya shekara 344. Masana sun ce da sake, amma ko rubu'in haka ya isa ya binne wanda ya saye shi.

A gidan kakana akwai ɗaya. An huda gefen ƙoƙonsa da ƙusa mai zafi, an zura waya an ɗaure a turken jaki, ana watsa masa ragowar tuwo da ƙanzo. Bayansa ya yi tudu-tudu kamar an kifa ƙananan ludaya, mu yara muna hawansa muna cewa ado ne. Sai da na girma na gane alamar mummunan abinci da rashin danshi ce. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, amma ba mu taɓa kawo kunkurun nan a lissafin ba.

Fara da kwance wayar. Kada a sake huda shi, kada a shafa masa fenti ko mai.

Sai wuri. Babba yana buƙatar fili na ƙasa, ba daɓen siminti ba, aƙalla mita 10 tsawo da 10 faɗi. Katangar ce ke cin kuɗi. Kewayen mita 40 ne, bulo mai tsawon inci 18 kuma kusan 90 ne ke cika layi ɗaya. Kana buƙatar layi uku a sama da biyu binne a ƙasa saboda haƙa, wato bulo wajen 450, da siminti buhu tara ko goma, ban da yashi da ladan magini. Kai wannan lissafin gidan bulo a yi maka farashin ranar. In akwai kangon da ke da katanga, ka huta da rabin kuɗin. Zana, ragar waya da siririn ginin ƙasa asarar kuɗi ne: abin da ya hango ta cikinsa zai yi ta tunkuɗa har ya ture.

A ciki a sami rana da inuwa duka biyu. Ka fara masa rami a tsakiyar filin, nesa da harsashin ɗaki, in ba haka ba shi zai zaɓa, kuma ƙarƙashin ɗakinka zai zaɓa. Binne faffaɗan baho marar zurfi don ruwa, a sauya kullum. Da hunturu a zuba busasshiyar ciyawa a makwancinsa.

Abinci: ciyawa, ciyawa, sannan ciyawa. Ɗanya da damina, busasshiya da rani. Ka tara tun kaka lokacin da take araha, kamar yadda mai tumaki ke yi. A ƙara masa ganyen rama, ganyen dankali da na kabewa. Harawa kaɗan-kaɗan, ta yi masa maiƙo. A barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa sau ɗaya ko biyu a mako don ƙarfin ƙashi.

Hattara: ban da tuwo, shinkafa, burodi, dusa, nama da madara. Mangwaro da ayaba yana son su, amma suna ɓata masa ciki. Tumɓuke tumfafiya, zaƙami da cini-da-zugu daga filin. Kada ka haɗa maza biyu wuri ɗaya. An ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, to yana da wasu ƙahoni biyu a ƙirjin ƙoƙonsa, da su yake sukar abokin gaba ya kifar da shi, wanda aka kifar a rana kuma ya tafi ke nan. Ana gane namiji da lotsattsen ciki da doguwar wutsiya.

9. Kasuwa da hukuma

Za ka gan su a kasuwa wurin masu kayan magani, ko a bakin titi an ɗaure da igiya. Kada ka saya don ka cece shi. Kuɗin da ka bayar kuɗin motar komawa daji ne a kamo wasu biyu.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka babban kunkurun Sahel cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. A Nijeriya an kafa dokar cinikin dabbobin da ke cikin haɗari a 1985, aka yi mata gyara a 2016, kuma hukumar tabbatar da dokokin muhalli, NESREA, ce ke bin sawun masu wannan fataucin. A Nijar akwai doka mai lamba 98-07 ta 1998 kan farauta da kare namun daji, ma'aikatan gandun daji ke aiki da ita. Idan ka ga ana lodin su da yawa, ko kana son miƙa na gidanku, je sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiharku, ko ofishin gandun daji mafi kusa. Ka nemi takardar shaidar cewa ka miƙa, ka kuma tambayi inda za a kai shi.

Mayar da na gida daji abu ne mai yiwuwa, amma aikin masana ne. A Senegal, cibiyar kunkuru da ke ƙauyen Noflaye kusa da Dakar tana karɓar waɗanda aka riƙe a gidaje, a killace su, a duba lafiyarsu, sannan a kai wasu dajin Ferlo a saba musu da wurin cikin shinge kafin a sake su, a ci gaba da bibiyarsu.

10. Rubuta abin da ka gani

Duk lokacin da ka ga kunkuru a daji, ɗauki hoton bayansa daga sama ba tare da ka ɗaga shi ba, ka ajiye takalminka a gefe don a gane girmansa. Rubuta rana, wuri, da abin da yake yi. Zanen ƙoƙo da tabon da ke jikinsa sun isa ka gane shi baɗi, ba sai ka yi masa shaida da wuƙa ko fenti ba. Ka ba ma'aikacin gandun daji na yankinku wannan bayanin.

In za ka ɗora hoton a Facebook ko WhatsApp, faɗi sunan jiha kawai. Kada ka ambaci ƙauyen, kada a hango wata alama da za ta kai mutum bakin ramin, kuma ka kashe manunin wuri a kyamarar wayarka kafin ka ɗauka, domin masu kamawa ma suna da waya.